'Yar Kidawa

Masu bibiyata, ku yi haƙuri da shirun da na yi. Abin da ya faru ranar Juma'a ne ya ɗaure min hannu, sai yau na iya riƙe waya in rubuta. Wanda kuma yanzu ya shigo, kar ya damu, zan ɗauko masa zancen daga tushe. Sunana Zuwena, shekarata ashirin da shida, ina zaune da mahaifina a hawa na huɗu a dogayen benayen Michenzani. Duk faɗin tsibirinmu na Unguja da wuya ka sami wanda ya haura arba'in bai taɓa ganin mahaifiyata tana tafiya tana magana tana dariya ba. Ni da ta haifa ce ban taɓa gani ba.

Sunanta Biubwa, amma ba mai kiranta haka. Kidawa aka san ta da shi, sunan da ta fito da shi a wani wasan kwaikwayo da ake nunawa a talabijin duk ranar Alhamis, Gidan Fundi Shaame. Ita ce 'yar autar kafinta Fundi Shaame, mai tsiwa, wadda ba a faɗa mata ɗaya ba ta mayar da uku ba. An fara wasan tun tana budurwa, aka ci gaba har ta yi aure ta haife ni. Ina goye zazzaɓi ya ɗauke ta, wasan ma daga nan ya mutu.

Har yau in na shiga kasuwar Darajani sayen albasa, sai wata tsohuwa ta riƙo gefen buibuina, baƙin lulluɓin da muke fita da shi, ta ce, ke ba 'yar Kidawa ba ce? Kafin in amsa ta kira maƙwabciyarta. Sai su hau ba ni labarin ranar da uwata ta kori mai gidan haya da kujerar kankare kwakwa. Wannan ta ce koren zanen kanga ta ɗaura ranar, waccan ta rantse ja ne, su yi ta musu har su manta ina tsaye. Ni kuma in yi ta murmushi da leda a hannu kamar na san zancen.

Kar ku zaci ban nema ba. Babu shagon faifai da ban shiga ba daga Darajani har Mwanakwerekwe. Akwai na Indiya, akwai na Najeriya, akwai na Koriya da aka fassara, amma wasanninmu na da ko ɗaya ba a taɓa fitar da shi a kaset ko faifai ba. Na je gidan talabijin, wata mata mai kirki ta zaunar da ni ta ce a wancan zamanin kaset tsada yake, da an nuna wasa sai a ɗauki labarai ko ƙwallo a kansa, waɗanda suka tsira kuma danshin teku ya gama da su. Har wani zaure na shiga a waya, na dattawa masu begen shirye-shiryen da. Kullum suna lissafo abin da ya ɓace, wasan mai jirgin ruwa da surukarsa, shirin yara na safiyar Lahadi, Gidan Fundi Shaame. Kowa na tambaya wa yake da shi. Ba mai shi.

A gida hotonta biyu ne kacal. Na ranar aure, wanda kwalliya ta rufe fuskar, da wani ƙarami na katin shaida da ta ɗaure fuska kamar an yi mata laifi. Babana, Maalim Vuai, malamin firamare ne, kuma tun da ta rasu bai ƙara kawo sunanta a baki ba. Da ina cewa wata rana zan zaunar da shi in tambaye shi komai. Ban yi ba har shekara biyu da suka wuce, ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta tafi. Kalma ɗaya ta rage masa: to. Za ka ci abinci, to. Ciwo kake ji, to. Ko zagi aka yi masa, to. Na bar aikina na kantin magani na dawo gida. Ni ke juya shi, ni ke wanke shi, ni ke hawo da jarkar ruwa tun daga ƙasa, don famfonmu na sama ya fi shekara biyar bai ɗiga ba. Wata rana sai in lissafa in ga sati guda ban taka ƙasa ba sai wajen famfo.

Sai Shangazi Mtumwa, yayar Baba, wadda ta raine ni. Tana zuwa kullum da hantsi daga Kikwajuni, ta hau benen nan tana haki tana salati, ta zauna a tabarma ta kwance lulluɓi ta fara lissafa min sa'o'ina da suka yi aure.

A haka Hemed ya same ni.

Hemed yana da shagon wayoyi a Mlandege. Dogo ne, kullum cikin farar kanzu, doguwar rigar mazanmu, da hular Oman, turarensa yana riga shi hawowa bene. Ba shi da wani aibu da zan nuna muku da yatsa, wallahi. Kawai dai in yana magana sai in ji hankalina ya tafi kan ko na kashe risho. Kusan shekara guda yana turo min saƙon barka da safiya da hoton fure, ni kuma in mayar da lafiya lau, wata ran ma in manta.

Ran nan ina kicin ina matse madarar kwakwa, hannuna duk maiƙo, saƙonsa ya shigo.

"Kin san Babana ne ya riƙe kyamara a wasan mamanki?"

Na goge hannu a kanga. Kafin in rubuta komai wani ya shigo, bidiyo, irin wanda ake buɗewa sau ɗaya ya ɓace.

Hoton yana rawa, launin ya koɗe ya koma kamar ruwan shayi. Wata ƙofa ta buɗe, wata siririyar mace ta shigo da tire, ta dire shi gaban wani tsoho da ke ƙorafin shayi ya huce. Ta kama ƙugu ta ce, in ya huce ka ɗora shi a bakinka, yanzu zai tafasa. Sai ta juyo ta yi dariya. Tana da wushirya. Da hannun hagu ta riƙe butar, kamar yadda nake riƙewa, abin da Shangazi ta sha dukan hannuna a kai. Muryarta ba siririya ba ce kamar yadda na ƙaga a raina tun ina yarinya, tana da kauri, da ɗan dishi-dishi.

Shi ke nan, ya ɓace. Na danna, na sake dannawa, babu. Na zame na zauna a ƙasan kicin tsakanin bokitin ruwa da buhun gawayi, na sa kanga a baki don kar Baba ya ji.

Ranar ni na kira Hemed, karo na farko.

Ya ce akwati ne guda a ɗakin mahaifinsa, Mzee Ussi, kaset ya fi arba'in, wasan tun daga farko har ƙarshe. Ya ce tsohon ya sa shi ya rantse ba zai bari ya bazu a waya ba, shi ya sa yake turowa a haka. Na roƙe shi ya bar ni in zo in zauna ko a bakin ƙofa ne in kalla. Ya yi 'yar dariya ya ce gaggawar me nake yi, ranar da na shigo gidansu akwatin gaba ɗaya nawa ne.

Na san abin da za ku ce a ƙasan rubutun nan. Na faɗa wa kaina kafin ku faɗa. Amma ku gaya min, wace ce a cikinku za ta toshe lambar?

Daga nan abin ya zama kamar awo. In na ɗaga wayarsa muka yi hira, washegari guntu ya shigo. In na bar shi ya hawo ya gaida Baba ya sha gahawa, wani ya shigo. Ya aiko min da kanga mai ruwan goro da zanen 'ya'yan kashu, na ajiye a ƙasan akwati, kwana biyar ban ga komai ba. Ranar da na ɗaura na tura masa hoto, kafin in ajiye wayar uwata ta shigo tana shara tana waƙa. Bai taɓa cewa ga sharaɗi ba. Ni ma ban taɓa cewa na gane ba.

Dabara ɗaya na yi. Na tono tsohuwar wayar Baba mai fasasshen gilashi, in saƙo ya shigo sai in jingina tawa da gwangwanin sukari in ɗauka da ita. Hoton hoto ne, fuskar ba ta fita sosai, amma muryar tana nan.

Wata safiya ina ba Baba koko, na kunna a hankali a gefen gado don in ji kawai. Cokali na bakinsa ya tsaya. Idonsa ya bar fuskata ya koma kan wayar. Laɓɓansa suka fara motsi, ɓarin da ya mutu yana jan wanda ke da rai, kokon yana zubowa ta gefe. Na ɗauka shaƙewa ya yi, na miƙe zan ɗago shi.

"Biubwa," ya ce.

Shekara biyu. Na tsaya da cokali a hannu. Ya sake faɗa, a fili, har da hawaye, sannan ya ɗaga hannunsa na hagu ya nuna wayar, alamar in maimaita. Ranar sai da batir ya mutu.

Mai gasa masa jiki da ke zuwa ranar Talata ta ce kar mu daina, irin wannan yana buɗe abin da magani bai buɗe ba. Cikin wata guda Baba ya ƙara kalma uku: ruwa, zafi, da kuma saura. Wannan ta ƙarshen ita ce ta kashe ni. Duk guntun da ya haddace sai ya kawar da kai ya ce saura. Ni kuma in fita baranda in rubuta wa Hemed, ya aiki, ka ci abinci kuwa?

Shangazi, wadda na tashi ina jin tana cewa wasan kwaikwayo aikin marasa mafaɗi ne, wadda ba ta je ɗaurin auren iyayena ba sai da aka kai ruwa rana, ita ce yanzu take gyara zama a gefen gadon ta ce a kunna mata wurin shayin nan. Ta yi dariya har ta share ido, sannan ta juyo ta dube ni irin kallon da na sani.

Ranar Laraba muna tsince shinkafa a faranti ta sako zancen. Ta ce mutanen Hemed za su zo neman aure ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ta riga ta gaya wa Ami Faki, ƙanin Baba, ya zo ya karɓe su. Na ce ai ban ce na amince ba. Ta ce ai ba ki ce ba ki amince ba, wata uku yaro yana hawa benen nan, maƙwabta sun haddace ƙarar motarsa. Ta ce gidan su Hemed na Bububu a ƙasa yake, ya yi alkawarin ɗaki guda na Baba, mai ƙofa zuwa tsakar gida, a tura shi a keke ya sha iska ya ga bishiya. Ta ce gwiwoyinta sun ƙare, ba ta san sau nawa ya rage mata ta hau nan ba, in ta faɗi wa zai kama min?

Na ce, "Shangazi, ba na jin komai game da shi."

Ta ware wani ɗan dutse daga shinkafar ta jefar ta taga. "Ba wanda zai yi miki dole, Zuwena. Mu ba ma yi. Ki dubi ubanki kawai, ki faɗi abin da kika ga dama."

Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Ta tashi ta leƙa ɗakin Baba, ta ɗaga murya kamar kurma take wa magana, wai Vuai, mutanen Ussi za su zo neman 'yarka, ka yarda? Daga inda nake na ji amsar. To. Ta dawo tana gyara ɗaurin kanga ta ce kin ji da kunnenki.

Ranar Alhamis da la'asar Hemed ya zo da alewar halwa a kwali da 'ya'yan itacen shokishoki. Muka tsaya a kan matakala, inda muke tsayawa kullum, ƙofa a buɗe don Shangazi ta riƙa jin motsinmu. Na tattara duk ƙarfin da nake da shi na ce masa ya raba zancen biyu. Kaset daban, aure daban. Ya bar Baba ya ga matarsa saboda Allah, ni kuma ya ba ni lokaci in san abin da ke raina.

Ya daɗe yana juya makullin mota a yatsa. Ya ce tun yana ɗan shekara bakwai yake zama a bayan Babansa yana kallon Kidawa, ranar da ya fara ganina a kantin magani ya ɗauka ita ce ta fito daga akwatin. Ya ce in na yi fushi haka girata take ɗagewa, sak.

"Yi dariyar nan mana, Kidawa. Sau ɗaya."

Na ce sunana Zuwena. Ya ce ya sani, wasa yake. Ya sauka yana waiwaye yana murmushi, ni kuma na tsaya da kwalin halwa ina tambayar kaina, wai mu biyun nan wa yake neman wa? Shi yana neman wata mata da ta mutu a fuskata, ni ina nemanta a aljihunsa.

Kafin magariba guntu ya shigo. Uwata ce zaune a bakin ƙofa ana yi mata kitso, tana cin gyaɗa. Ba ta ce komai ba. Na ɗauka, na kai wa Baba.

Juma'a tun da safe gidan ya cika. 'Ya'yan Shangazi biyu suka zo da manyan tukwane, aka ɗora shinkafar pilau, ƙamshin kanumfari da kirfa ya cika benen har maƙwabta suna leƙowa. Aka wanke Baba aka sa masa kanzunsa na Idi da ya yi masa yawa yanzu, aka ɗauko shi aka zaunar a kujerar falo da matasai ta ko'ina. Ni aka turara ni da udi har idona ya yi ja. Shangazi ta ciro doguwar riga mai ruwan zuma da ta ɗinka min ban sani ba, ta maƙala min furen asumini a gashi, ta ɗora min mayafi mai duwatsu a baki. Ta ja da baya ta dube ni, ta ce kamar an tsaga kara. Ban tambaye ta da wa ba.

Aka zaunar da ni a ɗakina a bakin gado. Ta bango ina jin sallamar maza, ana cire takalma, Ami Faki yana marhabin da muryarsa ta taro. Wayata ta yi ƙara. Hemed ne, wai yana ƙasa a mota, tunda ango ba ya hawa, kuma ya zo min da wata kyauta da zan gani in an shafa fatiha.

Can sai Shangazi ta leƙo ta ce Mzee Ussi ya ce kafin a fara magana yana so ya gaisa da 'yar Biubwa. Ba a saba ba, amma tsoho ne, idonsa ma ya kusa tafiya, ba wanda zai hana shi. Aka kawo shi baranda aka ba shi kujera, don falon ya cika. Ƙaramin mutum ne, gemunsa fari fat, idanunsa sun yi fari-fari kamar an ɗiga madara. Na fito na durƙusa na yi masa gaisuwar manya, na ce shikamoo. Ya ce marahaba, ya laluba ya dafa kaina, ya ce in ƙara magana. Na ce ina gajiya. Ya girgiza kai ya ce a'a, muryarki taki ce, ta uwarki kamar ta mai tallan kifi take. Ya yi dariya. Ban san dalili ba, na ji kamar in rungume shi.

Shangazi ta koma kicin duba tukunya. Na ga in ban yi yanzu ba ba zan ƙara samun dama ba. Na ce masa na gode da ya adana wasan nan duk shekarun nan, kuma ina roƙonsa, ko me aka yanke yau, ya bar mahaifina ya kalli sauran kaset ɗin da ke akwatin.

Ya karkato kunne. "Wane saura, 'yata?"

Na ce arba'in ɗin.

Ya shafa kan sandarsa. Da ya buɗe baki a hankali ya yi maganar, kamar mai ba da labarin rasuwa. Ya ce da akwai, har sun fi arba'in, shi ya riƙa sayen kaset da kuɗin aljihunsa yana kwafa don ya san gidan talabijin za su goge. Amma shekarar da aka yi ruwan nan mai yawa rufin ɗakinsa ya yi yoyo yana asibiti an yi masa aikin ido. Da ya dawo ya buɗe akwatin, fumfuna ta yi fari a kai kamar auduga, zaren ya manne ya zama dunƙule. Ya zauna ya yi kuka kamar yaro. Guda ɗaya ne ya tsira, don yana cikin na'urar, an manta ba a cire ba.

"Ɗaya," na ce.

"Ɗaya. Na ƙarshen da muka ɗauka. Hemed bai gaya miki ba?"

Na shiga lissafi a raina, shayin, sharar, kitson, duk kanga ɗaya ce a jikinta. Wata uku ina kallo ban lura ba. Ko na lura na ƙi gani.

Tsohon ya ci gaba, shi bai san abin da yake yi min ba. Ya ce ko wannan ɗin ma ya gaji, da Hemed ya kunna ya ɗauki farkon da waya, na'urar ta fara taunar zaren, dole suka kashe suka ciro shi da tsinke. Tun daga nan ba su ƙara kusantarsa ba. Wani mai gyara ya ce watakila ya jure kunnawa ɗaya, watakila ba zai jure ba. Ya ce abin da ke ba shi tsoro ƙarshen ne, don ƙarshen ba wasa ba ne. Ranar da suka gama ɗauka ya bar kyamarar tana tafiya, aka miƙo wa Biubwa jaririyarta da ke ta kuka a bayan fage, ta zauna a kan teburin kafintan tana jijjiga ta, ta ɗago ta saitin kyamara tana cewa ta gaida mutane.

"Tana ta kiran sunanki. Ta ja shi, Zuweeena. Ni kaɗai na taɓa ganin wurin, ko Hemed bai kai nan ba."

Aka zo aka kama hannunsa aka mayar da shi falo. Ni na kasa tashi daga durƙuson. Asuminin ya faɗo daga gashina, na bi shi da kallo.

Na ɗauko waya na rubuta wa Hemed, "Guda nawa ne a akwatin?"

Alamar ya karanta ta fito. Ya fara rubutu, ya daina. Ya sake farawa.

"Babana ya gaya miki."

"Guda nawa ne, Hemed?"

"Ɗaya ne. Na ji tsoro ne. Shekara guda ba ki taɓa kirana ba sai ranar. Na san in kika ji ya ƙare kin tafi. Ki ce ƙarya nake."

Na kalli rubutun. Ina so in zage shi, ina da kalmomin a baki, amma abin da ya tambaya ba ni da amsar da zan ba shi wadda ba za ta zama gaskiyarsa ba. A falo na ji Ami Faki ya yi gyaran murya ya fara jawabin cewa su dai ba sa ba da 'ya sai sun ji ta bakinta. Na ji takun Shangazi daga kicin, awarwaronta yana ƙara.

Wani saƙon ya shigo. "Shi ne kyautar. Yana hannuna. Leƙo ki gani."

Na miƙe na dafa ƙarfen baranda na leƙa. Can ƙasa, a gefen titi inda babu ko inuwar falwaya, Hemed yana tsaye jikin motarsa cikin farar kanzu. Ya ɗaga hannu sama da wani baƙin abu a cikin farar leda, yana nuna min. Rana tsaka, irin ranar da ke narka kwalta. Ta bugi ledar tana ƙyalli. Wa ya san tun yaushe yake cikin motar nan da gilashi a rufe?

Wallahi ban yi tunanin aure ba, ban yi tunanin ƙaryarsa ba, ban tuna akwai baƙi a falo ba. Na turo rabin jikina waje, mayafin ya zame ya tafi ƙasa yana lilo, na ɗaga murya yadda ban taɓa ɗagawa ba a gidan nan.

"Hemed! Ka shigo da shi daga rana! Ka hawo, ka hawo yanzu!"

Duk tagogin benen suka buɗe. Ya dube ni, fuskarsa ta washe, ya rungume ledar a ƙirji ya nufo matakala da gudu.

Na juyo. Shangazi tana tsaye a ƙofar baranda da ludayi a hannu, 'ya'yanta biyu a bayanta, bakinsu a buɗe. Ta zo ne ta tambaye ni me za ta gaya wa maza. Ta dubi kaina babu mayafi, ta dubi hawayen da ke fuskata, ta leƙa ta ga wanda nake kira. Sai idonta ya ciko. Na ɗaga hannu na ce Shangazi tsaya, ba haka ba ne, amma ta riga ta kai tafin hannu baki.

Guɗarta ta tsaga gidan. 'Ya'yanta suka karɓa, matan hawa na uku suka karɓa, har na ƙasa da ba su san me ake ciki ba. A falo na ji Ami Faki yana dariya yana cewa to ai mun ji amsa, har mutanen titi sun ji, a ɗaga hannu. Maza suka fara karanta fatiha.

Ni kuma ina tsaye a baranda ban ce eh ba, ina jin takun Hemed yana hawowa, hawa na biyu, hawa na uku, da uwata a cikin leda.